Yadda namijin da ya ci amana zai dawo ya tsaya

Ni kafinta ne. Na fi shekara 30 ina sayen itace a kasuwar Katako da ke Laranto, ina buga rufi da ƙofofi da kujeru a Jos da kewayenta. A ikilisiyarmu kuma an ɗora mini jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na Zumuntar Maza, ranar Asabar da yamma. Da wuya wata ya wuce wani bai jira an watse ba, ya rako ni bakin titi kamar mai taya ni tare Keke, sa'an nan ya sassauta murya ya ce, "Baba, akwai 'yar magana." Kafin ya faɗa na riga na san ta, domin ni ma na taɓa raka wani dattijo bakin titi da irin wannan murya.

Ba kowa ke iya rako ni ba. Saboda waɗanda kunya ta ɗaure wa ƙafa nake wannan rubutu. Ɗan'uwa, in ka ci amanar matarka, ko ta wanda ya damƙa maka kuɗinsa, ko ta ikilisiyar da ta ba ka makullin akwatin baiko, ga hanyar dawowa kamar yadda aka bi da ni a kanta.

Bari in fara da nawa, kada ka ɗauka daga kan bagade nake maka magana.

Yaranmu suna firamare na samu aikin rufin wasu gidaje a Kubwa. Wata 7 na yi a Abuja, ina leƙo gida jefi-jefi. Akwai wata mata da ke kawo mana abinci wurin aiki. Ba zan ɗora mata laifina ba. Ni na fara tsayawa hira bayan yaran aiki sun tashi, ni na nemi sanin ɗakinta. Ranar da na dawo Jos gaba ɗaya, uwargida ta yi mini gwaten acca da yakuwa, irin wanda ta san ina so. Cokali uku na kai baki na ajiye. Ta ce, "Baban yara, ko Abuja ta canza maka baki ne?" Na ce gajiya ce.

Abin da na yi daga nan shi ne kuskuren da maza da yawa ke yi. Na lura bencin majami'armu sun tsufa, sai na je Katako na zaɓi maɗaci mai kyau da kuɗina, na buga benci 12, ban karɓi ko kwabo ba. Ranar Lahadi magatakarda ya yi sanarwa, aka tafa, matan Zumunta suka rangaɗa guɗa, matata tana cikinsu. A daren nan ban runtsa ba. Na ƙara da azumi, na ninka zakka, na riga kowa zuwa addu'ar asuba. Dutsen da ke ƙirjina ko gezau.

Dattijon da na raka ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Ɗana, nawa bencin nan suka ci maka?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, a ganinka farashin zunubinka ke nan? In katako yana wanke zunubi, me ya sa sai da aka kafa Ɗan Allah a jikinsa?" A nan tsaye, da hasken tocila, ya buɗe mini Zabura 51:16-17, inda Dawuda, sarkin da ke da garkunan da zai iya yankawa, ya ce da hadaya Allah yake so da ya bayar, amma karyayyar zuciya ita ce ba zai raina ba. Ya juya zuwa Malakai 2:13-14, inda maza ke jiƙa bagade da hawaye suna mamakin me ya sa ba a karɓar baikonsu, annabi ya ce musu Ubangiji ne shaida tsakaninsu da matan ƙuruciyarsu da suka ci wa amana. Na ji kamar da sunana aka rubuta.

Fara da sanin wanda ya biya

Kalmar kafara ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa. Maƙwabtanmu Musulmi suna amfani da ita: wanda ya karya rantsuwa ya ciyar da miskinai 10 ko ya tufatar da su, in bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Shi ya sa kunnenmu ya saba jin kafara a matsayin abin da mai laifi ke yi da hannunsa, kuma da wannan kunnen na buga benci. A bangaskiyarmu ta Kirista, kafarar zunubi wani ne ya yi ta a madadin mai laifi, ya kuma gama ta.

Kada ka tsaya ga maganata. Ware yamma ɗaya, ka kashe waya, ka karanta wurare uku a jere: Littafin Firistoci 16, Ishaya 53, da Ibraniyawa 9 da 10. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba wanda zai ce Turanci ne ya hana shi.

A Firistoci 16 za ka ga Ranar Kafara, rana ta 10 ga wata na 7, sau ɗaya tak a shekara. Haruna babban firist zai tuɓe kayan adonsa ya sa na lilin, ya fara yanka bijimi domin zunubinsa da na gidansa, don shi ma mai zunubi ne. Sa'an nan a kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa bayan labule, cikin Wuri Mafi Tsarki. Ɗayan kuwa, Haruna zai ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya hurta laifofin jama'a duka, wani mutum ya ja shi zuwa jeji ya sake shi can. Dubi abin da talaka Ba'isra'ile yake yi a wannan rana: ya ƙasƙantar da kansa, ya bar aiki. An hana shi aiki ma. Yana tsaye wani ya ɗauke masa kaya.

Ishaya 53 ya nuna mutum a maimakon bunsurun, wanda aka soke saboda laifofinmu, aka ɗora masa muguntarmu duka. Ibraniyawa kuma ta ɗaure maganar. Ta ce jinin bijimai da na awaki ba zai iya kawar da zunubi ba, shi ya sa ake maimaitawa kowace shekara, amma Almasihu ya shiga sau ɗaya da jininsa. Akwai abin da idon kafinta ya gano mini a nan. Cikin kayan alfarwar sujada akwai tebur, akwai alkuki, akwai bagade, akwai akwatin alkawari, amma babu kujerar da firist zai zauna a kai. Ibraniyawa 10:11-12 ta ce firist kullum a tsaye yake yana miƙa hadayu iri ɗaya, Yesu kuwa da ya miƙa hadaya guda sai ya zauna. Ma'aikaci ba ya zama sai aiki ya ƙare. A kan gicciye ya ce, "An gama," labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa.

To, ina ruwan wannan da amincin namiji? Ka zo Katako ka gani. Kafintan da mai katako ke bi bashin da ya fi ƙarfinsa ba ya bi ta layinsa. Zai zagaya ta baya, in wayarsa ta yi ƙara ya ga sunan sai ya mai da ita aljihu, in sun yi kiciɓis ya shirga ƙarya. Haka namijin da yake ganin shi zai biya Allah: ɓuya zai yi ta yi, kuma a cikin ɓuyan nan zunubi ke ƙiba. Ranar da wani ya biya maka bashin aka soke sunanka a littafi, da ƙafarka za ka shiga layin ka gaisa. Wanda ya tabbata an biya masa shi ne yake iya faɗin gaskiya a kan kansa, gaskiyar nan kuwa ita ce harsashin aminci.

Akwai na biyu. Abin da aka saya na mai saye ne. A 1 Korantiyawa 6:18-20, inda Bulus ya ce an saye mu da tsada, maganar fasikanci yake yi kai tsaye. Jikin da na kai ɗakin nan a Kubwa ba nawa ba ne, na wanda ya zub da jini a kansa ne. A Afisawa 5:25 kuma, ma'aunin da aka ba miji shi ne yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta. Tsoron asiri ya tonu yakan riƙe mutum muddin akwai ido a kansa. A Abuja babu idon kowa a kaina. Abin da ke riƙe ni yau in na yi nisa da gida shi ne na san nawa aka biya.

Kira zunubin da sunansa

A daren da ka gama karatun, durƙusa ka faɗa wa Allah abin da ka yi da sunansa. Mu maza mun iya lulluɓe magana: "na yi kuskure," "Shaiɗan ya ruɗe ni," "abin ya zo da tsautsayi." Ka ce zina. Ka ce sata. Ka ce na yi wa matata ƙarya wata 7. Itacen da gara ta ci, in ka shafa masa fenti zai yi kyau har a biya ka, amma damina ɗaya rufin zai lotsa. Sai an fere wurin an ga inda ɓarnar ta tsaya. 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawari cewa in muka hurta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci kuma, zai gafarta ya tsarkake. Riƙe kalmar adalci ɗin nan. Adalci ne ya gafarta maka domin ba a karɓar bashi ɗaya sau biyu.

Kada ka jira sai ka ji sanyi a zuciya kafin ka yarda an gafarta. Ni na yi makonni ban ji komai ba.

Sa'an nan ka nemi mutum ɗaya

Cikin makon nan, ba wata mai zuwa ba. Yakubu 5:16 ta ce mu hurta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. Zaɓi namiji, wanda ya girme ka cikin bangaskiya, wanda ba ka taɓa jin asirin wani a bakinsa ba. Kada ya zama abokin da ya san maganar tun farko yana rufa maka. Kada kuma ya zama mace, ko da shugabar masu addu'a ce, domin zuciya mai rauni saurin manne wa mai jin tausayinta take yi. In kana jin nauyin faston ikilisiyarka, Jos ba ta rasa masu kiwo ba. Hedikwatar ikilisiyar ECWA da ta COCIN duk a nan suke, ga makarantar tauhidi ta JETS a Farin Gada, ga ta TCNN a Bukuru. Amma ka sani, duk inda ka fara, ƙarshenta maganar za ta dawo wurin masu kiwonka na gida.

Matarka

A nan maza suka fi tsayawa, kuma a nan zan fi daɗewa.

Kafin komai, yanke ɗayar hulɗar. Saƙo ɗaya, gajere, a gaban dattijon da ka zaɓa: na yi zunubi ga Allah da matata da ke, na daina, ba zan sake kira ba. Kada ka je yin ban kwana ido da ido. Na san mutum biyu da suka je ban kwana suka kwana. Ka roƙi gafararta cikin saƙon, domin ita ma ka cuce ta, musamman in ka yi mata alkawarin da ka san ba za ka cika ba. In akwai ciki ko ɗa a tsakani, wannan ɗa naka ne, bai yi laifin komai ba. Cinsa da makarantarsa suna wuyanka. Sai dai kuɗin ya riƙa bi ta hannun wani dattijo ko ta banki, da sanin matarka.

Ka je asibiti a yi maka gwajin jini, na ƙanjamau da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, kafin ka sake kusantar matarka. Ma'aikatan za su gaya maka ranar da za ka koma a maimaita, ka koma. Namijin da ya ce ya tuba amma ya ƙi wannan, kansa yake so har yanzu.

Wasu za su ce maka, "Ka riga ka faɗa wa Allah, me za ka tayar da hankalin baiwar Allah?" Ban yarda da su ba. Alkawarin da ka karya da ita ka yi shi, a gaban jama'a. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Wa ya fi matarka kusa? Ban da haka, ramin ƙarya ƙurarre ne. Gara ta ji daga bakinka da ta ji a wurin kitso ko ta gani a wayarka. Abin da za ka iya shawartawa da fasto shi ne lokaci, misali in tana da tsohon ciki ko hawan jini ya kwantar da ita. Jinkirin ya zama da ranar ƙarewa.

Ka faɗa mata da rana, yara ba sa gida, ba a kan gado ba. Ka shirya da wata uwa a ikilisiya da ita matarka ta amince da ita, ta kasance kusa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Faɗi abin da ka yi, da tsawon lokacin, da kuɗin gida da ya tafi can. Abin da ta tambaya ka amsa da gaskiya, amma kada ka zana mata hotunan da za su hana ta barci shekara goma. Kalmar "amma" kada ta fito daga bakinka. "Amma ke ma kin daina kula da ni" ta rushe duk abin da ka faɗa kafinta. In akwai gyaran da aurenku ke bukata, ranarsa daban.

Babban abin da nake roƙonka: kada ka ɗauki ayar gafara ka buga mata a ka. Na ji maza suna cewa, "Ai Allah ya gafarta mini, ke wace ce?" Wannan cin amana ne na biyu, da sunan gicciye. Jinin Yesu ya biya bashinka a gaban Allah, bai ba ka ikon karɓar gafarar matarka da ƙarfi ba. Bayan Dawuda ya yi zina da matar wani, annabi Natan ya gaya masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, duk da haka takobi bai rabu da gidansa ba. Gafara tana zuwa nan take, tabo kuwa yana ɗaukar lokacinsa.

Tawa ba ta yi ihu ba. Ta dube ni ta ce, "Da na yi guɗar bencin nan, kana kallona?" Na ce ina kallo. Ta ɗauki autanmu ta tafi gidan yayanta a Mangu, ta yi mako 3. Da ta dawo, abinci a ajiye, magana ba ta wuce ta yara. Kusan shekara 2 in na yi minti 30 ban dawo a lokacin da na faɗa ba, sai in tarar da ita a bakin ƙofa fuska a ɗaure. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ranar da ta tayar da maganar bayan ka ɗauka ta wuce, ka zauna ka sake ji. Abin da ya ba ni ƙarfin zama shi ne hukuncina na ƙarshe ba a bakinta yake ba, an riga an yanke shi a Kalfari, inda aka gicciye Yesu, don haka ba ni da abin karewa. Zan iya barinta ta faɗi duk abin da ke cikinta.

Horo da biyan mutane

In dattawa suka sa ka ƙarƙashin horo, karɓa. Ni wata 6 aka ba ni: na ajiye muƙami, na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu, na koma bencin baya, ɗaya daga cikin 12 ɗin da na buga. Kada ka gudu zuwa wata ikilisiya inda ba a san ka ba, Jos cike take da majami'un da za su ba ka kujerar gaba a mako na biyu. Kada kuma ka ɗauki horon a matsayin biya, in ba haka ba ka koma buga benci ta wata hanya. Ibraniyawa 12 ta ce ɗa ake horo. Ga dattawa 'yan'uwana kuma ina da magana biyu. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 2:6-8 a ta'azantar da wanda aka hora, kada baƙin ciki ya haɗiye shi, saboda haka a riƙa ziyartarsa, a kuma sa ranar maido shi. Sa'an nan abin kunya ne a gare mu yarinya ta zauna a baya don cikinta ya fito, namijin da ya yi mata shi yana gaba yana karɓar baiko.

In amanar kuɗi ka ci, Firistoci 6:1-7 ta ba da tsari sarai. Wanda ya ci ajiya, ko ya yi zamba, ko ya tsinci abu ya yi musu, zai mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo ragon hadaya. Wato in naira 100,000 ka ci, 120,000 za ka mayar. Ragon an riga an ba da shi dominmu, amma kuɗin mutane yana nan a wuyanmu. Rubuta sunayen a takarda: kuɗin adashe, kafin alƙalamin da ka karɓa ba ka yi aikin ba, malaina da ka shafa wa kala ka sayar a matsayin maɗaci. Je wurin kowa da ƙafarka. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ku yanka abin da za ka riƙa kawowa duk wata, a rubuta, da shaida.

Toshe tsagar bango

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 2 Sama'ila 11 ta fara da cewa lokacin da sarakuna ke fita yaƙi, Dawuda ya zauna a Urushalima, da yamma ya tashi daga gado yana yawo a kan soro, daga nan ya hango matar da ya yi zina da ita. Yusufu kuwa, a Farawa 39, ya ƙi ko zama kusa da matar maigidansa, ranar da ta kama rigarsa ya bar mata ita ya fita da gudu. Zauna ka gano naka soron: wane lokaci, wane wuri, da wa, da me a cikinka.

A zamanina babu WhatsApp. Yanzu soron yana aljihu. Matarka ta san lambar buɗe wayarka, wayar kuma ta kwana a falo. Saƙon banki na albashi ko na ciniki ta riƙa gani, domin zina da cacar waya duk da kuɗin ɓoye suke rayuwa. In ta gaban gidan burkutu ko wata mashaya hanyarka take, canza hanya ko da za ka ƙara kuɗin Keke. In aiki ya kai ka wani gari, kada ka kama ɗaki kai kaɗai in da hali, ka nemi ikilisiya a makon farko ka gabatar da kanka ga fasto a matsayin mai aure, ka sa ranar zuwa gida ka kuma cika ta. Ni tun daga lokacin ba na wuce mako 2 a waje. Na rasa ayyuka saboda haka, wasu manya.

Wani saurayi ya taɓa ce mini a nazari, "Baba, in an riga an biya, ai ko na sake an biya." Na ce masa ba shi ya fara tambayar ba, tana nan a Romawa 6:1, amsar Bulus kuma a'a ce mai ƙarfi. Na tambaye shi, in yayanka ya sayar da gonarsa ta dankali a Bokkos ya fanshe ka daga hannun masu garkuwa, za ka koma dajin da ƙafarka don ka san yana da wata gonar? Titus 2:11-14 ta ce alherin nan da ya cece mu shi ne yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah. Wanda gicciye ya sa ya ƙara sakewa cikin zunubi bai dube shi da kyau ba tukuna.

In ka sake faɗuwa fa? Ka faɗa a ranar, kafin rana ta faɗi. Yahuza da Bitrus, almajiran Yesu, a dare ɗaya suka ci amanar Ubangiji. Yahuza ya yi nadama, ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi don ya ba da Yesu, ya nemi ya biya da kansa, ya ƙare da rataye kansa. Bitrus ya yi musu sau uku yana jin ɗumin wutar gawayi, irin wadda muke kewayewa a sanyin Disamba. A Yohanna 21, a bakin wata wutar gawayin, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma damƙa masa tumakinsa. Amana aka sake ba wanda ya ci amana. In tunanin kashe kanka ya taɓa zo maka saboda kunya, kada ka kwana da shi kai kaɗai, buga wa dattijonka waya ko ƙarfe 2 na dare ne.

Ranar da aka maido ka ga Jibin Ubangiji, za ka ji wata murya tana cewa ba ka isa ba. 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Gwajin shi ne ko akwai abin da kake ɓoyewa har yanzu. In babu, miƙa hannu ka karɓa, domin masu zunubi aka zub da jinin.

Abu na ƙarshe da dattijon nan ya kafa mini shi ne tambayoyi uku, duk Asabar bayan nazari, a bakin titin nan dai. Idonka da wayarka sun je inda ba za ka so matarka ta gani ba? Akwai kuɗin wani a hannunka da bai san inda yake ba? A cikin amsoshin nan biyu, ka yi mini ƙarya? Ya yi mini su har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu na roƙi wani tela a Zumuntarmu, ƙanena ne a shekaru, ya karɓi aikin. Da farko ya ji nauyi, ya ce, "Baba, ni zan tambaye ka?" Na ce shi ɗin.

Makon jiya a tambaya ta biyu na tsaya. Wata malamar makaranta ta ba ni kafin alƙalamin ƙofa, na taɓa kuɗin na sayi ƙusa da kwano na wani aikin, da niyyar in mayar in an biya ni. Ranar Litinin da safe na je gidanta a Tudun Wada na faɗa mata, na kuma ba ta ranar da ƙofarta za ta fito. Ta ce Juma'a ta yi mata.